Ga mai shirin zuwa Azhar: Larabcin da ake yi a titin Alkahira

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin takardunka na Azhar sun kammala. Allah Ya sanya albarka. Abu biyu ka tambaye ni: ko Larabcin da ka karanta a Kano zai ishe ka zaman Alkahira, da kuma ko gaskiya ne abin da wani malaminku ya ce, wai ka toshe kunne daga yaren Misirawa kada ya ɓata maka harshe.

Zai ishe ka littafi da jarrabawa da huɗubar Juma'a. Wanda ya sha nahawu da sarfu a zaure ba ya jin kunya a aji. Amma direba da mai shago da ma'aikacin da zai buga maka iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba da wannan Larabcin suke hulɗa ba. In ka yi musu Fus'ha, wato Larabcin littafi, za su gane ka, tunda sun yi makaranta, sai dai da Ammiyya, yaren gari, za su mayar maka da amsa, da sauri kuma. Har a cikin jami'a haka abin yake. Malami zai karanto matani da Fus'ha tsaf, da ya zo sharhi, inda ilmin yake, sai ya zame zuwa yaren gida. A nan 'yan'uwanmu da yawa suke asarar shekararsu ta farko, kuma abin yana ci mini rai, domin ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, kunne ne bai saba ba.

Fara da haruffa, rabin wahalar a nan take. Mutumin Alkahira yana mayar da jimun ya zama "g": masallaci gami', raƙumi gamal, kuɗinsu gineh. Ƙaf kuwa haɗiye shi yake yi ya bar hamza, sai ƙalb ya koma alb, ƙahwa ta koma ahwa, ƙala ya koma al. Harafin da ake ɗora harshe a haƙori a furta farkon "uku" na Larabci da shi yakan zama "t", ka ji talata. Zinariya dahab. Da ka riƙe waɗannan, kalmomin da ka ɗauka baƙi ne za ka tarar tsofaffin abokanka ne. Sai 'yan kalmomin tambaya da ake jefawa a ƙarshen zance: eh (mene ne), fen (ina), leh (don me), imta (yaushe). Ayiz na nufin ina so, dilwa'ti yanzu, mish kuwa ita ce ke kore magana. Burodi esh suke ce masa. In ka ce laban madara za a ba ka, mai tsami sunansa zabadi.

Maganar malaminku kuwa, ina girmama shi, amma ban yarda da ita ba. Shehu Mahmud Khalil Husari, wanda aka naɗi muryarsa da cikakken Alƙur'ani murattal a 1961, ɗan wani ƙauye ne kusa da birnin Ɗanɗa. Minshawi daga Sohaj yake, Abdulbasiɗ daga Armant. Dukkansu da yaren garuruwansu aka yi musu reno, amma a wurinsu muke gyara makhrajin jimun da ƙaf har yau. Harshe yana iya ɗaukar biyu. Abin da ke kashe Fus'ha shi ne barin karatu da rubutu, kuma wannan a hannunka yake.

Kada kuma ka ɗauka Misirawa bakinsu ɗaya. Yadda Bakano ke gane Basakkwace tun daga gaisuwa, haka ɗan Alkahira ke gane Basa'ide, wato mutumin kudu, yankin Asyut da Sohaj da Ƙina har Aswan. Shi Basa'ide ƙaf ɗinsa "g" ne, zuciya galb, jimun ɗinsa kuma yana nan kusa da wanda ka sani. Za ka ji zancensa ya fi shiga kunnenka. Za ku haɗu da wuri, domin masu gadin benaye, bawwab, da dama daga can suke. Mutanen birni suna yawan yi musu barkwanci na raini. Kai baƙo ne, kada ka taya dariya. Mutane ne masu riƙon amana da tsananin kishin mutunci, kuma bawwabinka shi ne zai nemo maka mai gyaran famfo, shi zai faɗa wa mai gida ko kai mutumin kirki ne. Mutumin Iskandariya kuma yakan ce niktib, "mu rubuta", alhali kansa kaɗai yake nufi, sannan ƙosan waken da Alkahira ke kira ɗa'amiyya shi falafil yake cewa. Birnin ma da kansa Masr suke ce masa, sunan ƙasar gaba ɗaya. In ɗan ƙauye ya ce zai tafi Masr, Alkahira za shi.

Ranar da ka fara shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗinsu, ka lura. Babu kwandasta. Na baya zai taɓa kafaɗarka ya zuba maka kuɗi a hannu yana faɗin mutum nawa ne, kai kuma ka haɗa da naka ka miƙa wa na gabanka, har su isa ga direba yana tuƙi yana lissafi, canji ya biyo hannu-hannu ya dawo. In za ka sauka ka ɗaga murya: "Ala gamb ya usɗa." Ka yi shiru, sai ka tsinci kanka a wata unguwa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, akwai taragon mata a tsakiya. Ka duba alama kafin ka faɗa ciki.

Kiran mutum da laƙabinsa babban abu ne a nan. Direba da mai sana'ar hannu usɗa, dattijo hag, injiniya bashmuhandis, malaminka duktur ko maulana. Wanda ya girme ka ko yake bayan tebur ba a ce masa inta kai tsaye, hadritak ake cewa. Wannan ba zai ba ka wuya ba, da irin tarbiyyar nan muka tashi. Abin da zai iya ruɗa ka shi ne tayi. Ka wuce mutum yana cin abinci zai ce itfaddal, mai shago zai ture kuɗinka ya ce khalli, wato bar shi. Ladabi ne kawai. Ka yi godiya, ka sake miƙa kuɗin, zai karɓa. Wanda ya yi maka ɗan hidima ya tsaya yana cewa "kulli sana winta ɗayyib" ba lokacin salla ba, ɗan ihsani yake jira. Ka kuma sani akwai Kiristoci Kibɗawa masu yawa, wasu da ƙaramin gicciye a wuyan hannu. Larabci ne harshensu, suna cewa insha Allah da alhamdu lillah kamar kowa, don haka kada ka yanke wa mutum addini daga bakinsa.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Wasu yara da samari za su kira ka samara ko shokolata saboda launin fatarka. Wani da wasa yake yi, wani da raini, kuma yana da zafi. Jin yaren shi ne zai sa ka bambance, ya kuma ba ka bakin da za ka mayar da magana cikin natsuwa. Ka tuna ba yau mutanenmu suka fara zuwa ba: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makarantarsu a wannan birni, daga baya Barno ta samu ruwaƙinta, wato masaukin ɗalibanta, a cikin masallacin Azhar.

Ko a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, aka ba ka ɗaki, ko ka kama haya a Hayyul Ashir ta Madinat Nasr, za ka tarar da Hausawa, ga tuwo ga hira, kuma za su riƙe ka. Ka riƙe su, amma kada ka ƙare a cikinsu. Ka riƙa zuwa cefane da kanka, ka sayi ful, dafaffen wakensu, a wurin mutum ɗaya kowace safiya har ku saba, abin da ka ji ba ka gane ba ka rubuta ka tambayi abokin karatu Bamisire. Ka kuma taho da rigar sanyi mai kauri, domin Janairun Alkahira ya fi hunturun Kano cizo kuma ɗakunan ba su da ɗumi. Ka sanar da ni ranar tashinku in zo filin jirgi in tarbe ka. A gaida su Baba da Inna.