Garkuwar hannun babur tana da amfani, amma ba kowace iri ba

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma kiyaye gaba. Ka ce ka zame da Boxer ɗinka a kan yashi a hanyar Rigasa, libar kuloci ta karye, bayan yatsunka ya ƙuje, shi ya sa kake son sanin ko garkuwar nan da ake ɗaurawa a gaban hannun babur ta cancanci a kashe mata kuɗi, ko kuwa kwalliya ce kawai irin ta samari. Na daɗe ina hawan babur a cikin garin nan na Kaduna da ƙauyukan da ke kewaye da shi saboda sana'ata ta gyaran rijiyoyin burtsatse, kuma shawarata ita ce ka saya, da sharaɗin ta kasance mai ƙarfe a cikinta, a kuma ɗaura ta yadda ya kamata. Idan ba a cika waɗannan sharuɗɗa biyu ba, gara ka riƙe kuɗinka.

Yawancin faɗuwar da muke yi ba a kan babbar hanya ba ce, ba kuma cikin gudu ba. Ana ɗauke ruwan sama sai ka tarar ya kwaso yashi ya shimfiɗa shi a kan kwalta daidai kwana, ko jar ƙasar unguwa ta jiƙe ta yi santsi, ko kuma baƙin mai ya zube a bakin gareji, mutum ya taɓa birkin gaba kaɗan, tayar gaba ta goce, babur ya kwanta. A irin wannan faɗuwa, abin da yake fara isa ƙasa shi ne ƙarshen hannun babur da bakin liba, kuma sau da yawa yatsun mahayi suna nan a kai, domin abin yana faruwa ne kafin ya yi tunanin saki. Libar da ke kan baburanmu narkakken alminiyom ce da aka zuba, saboda haka ta fi saurin karyewa a kan lanƙwasa, idan ma ta lanƙwashe aka yi ƙoƙarin miƙe ta, a hannun makanike za ta ɓalle. Ɗan dunƙulen da ke ƙarshenta an yi shi ne don kada ta soki mutum, to da zarar ya ɓalle, abin da ya rage tsini ne. Liba ba ta da tsada, wannan gaskiya ne, kuma a cikin gari ba za ka yi tafiya mai nisa ba ka samu mai sayarwa. Amma wanda libar kuloci ta taɓa karye masa a wata gona bayan Kujama ana kiran sallar magariba, da kayan aiki ɗaure a bayansa, ya san cewa ba kuɗin libar ne abin damuwa ba. Ana iya sauya giya ba tare da kuloci ba idan babur yana tafiya, amma tayar da shi daga tsaye da kaya a cikin laka wani aiki ne daban.

Akwai kuma wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba, wanda a wurina ya fi kare liba muhimmanci. A cunkoson Kasuwar Barci ko na Kawo da yamma, babur yana ratsawa ne tsakanin Keke Napep da ƙananan motoci da masu tura baro, kuma libar birkin gaba a buɗe take, tana gaba da yatsu. Idan gefen wani abin hawa ya tura ta, daidai yake da ka damƙe birki da iya ƙarfinka ba tare da ka shirya ba. Na ga wannan da idona a Tudun Wada: wani mai Napep ya karkato dama don ɗaukar fasinja, ƙarfen gefen kekensa ya shafi hannun babur ɗin wani dattijo da ke tafiya a hankali ƙwarai, ba a ji ƙarar karo ba ma, sai dai gaban babur ya ƙame, dattijon ya kife ta kan madubi. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun matse tsakanin liba da mariƙi har farce ya ɗaye. Da akwai ƙarfe kewaye da wurin, da shi zai karɓi gogar, babur ya ɗan yi tangal-tangal ya wuce. Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A gasar tseren babura ta duniya ta MotoGP, a zagayen Kataloniya da ke Sifen a shekarar 2006, libar birkin Sete Gibernau ta taɓa babur ɗin abokin tserensa Loris Capirossi a kwanar farko, babur ɗin Gibernau ya wuntsila, mahaya da dama suka zube. Daga baya aka wajabta sanya kariya a gaban libar birki a gasar. Idan ƙwararrun da ke tsere a filin da babu Napep sun ga buƙatar abin, ban ga dalilin da zai sa mu raina shi ba.

Sai dai garkuwar iri biyu ce, kuma a nan ne mutane suke asarar kuɗinsu. Akwai ta roba zalla, wadda ake maƙalawa a gindin madubi ko a jikin mazaunin liba da kusa guda, ɗaya gefen nata a sake. Wannan tana tare iska da tsakuwar da tirela ke watsowa da ƙayar hanya, kuma da asubar hunturu za ka gode mata, domin yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa kama birki da sauri. Amma ranar faɗuwa babu abin da za ta tsinana maka, ko dai ta lanƙwashe ta ba ƙasa hanya, ko ta fashe, wani lokaci ma ta tafi da mazaunin madubin. Ita ce ta cika shagunan kayan babur saboda arha da launuka. Ɗayar kuwa sandar alminiyom ce mai kauri da ta taso daga ƙarshen hannun babur, ta zagayo ta gaban liba, ta dawo aka ɗaure ta a jikin hannun ta ciki, sannan aka rufa mata roba a sama. Da yake wuri biyu ta kama, idan babur ya kwanta ita ce take ɗaukar nauyin, liba da yatsu suna cikin rumfarta. Kamfanoni irin su Acerbis na Italiya da Barkbusters na Ostareliya sun yi suna a kanta, kodayake abin da aka fi samu a kasuwanninmu kwaikwayonsu ne daga Sin. Ban ƙi kwaikwayon ba, muddin ka ciro sandar daga kwali ka gwada lanƙwasa ta da hannu biyu: idan ta ba ka, mayar wa mai shago abinsa.

Dole in gaya maka iyakarta, domin kada ka ɗora mata abin da ba aikinta ba. Garkuwa tana kare hannun da ke kan babur ne. Da zarar ka saki ka miƙa tafinka don tare ƙasa, wanda kowane ɗan Adam yake yi ba tare da ya sani ba, ta fita daga zancen. A nan safar hannu ta fata ko mai kauri a tafi ce take aiki, ba irin ta ulu da muke saye don sanyi ba, wadda kwalta ke cinyewa nan take. Kuma tunda ka ambaci cewa wuyan hannunka yana ɗan yi maka ciwo, ina roƙonka kada ka yanke hukuncin cewa targaɗe ne. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, ɗaya daga cikinsu, wanda yake daidai gindin babban yatsa, shi ne ya fi karyewa idan an faɗi a kan tafi. Ba ya cika kumbura sosai, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna tsagewar, sai likita ya ce a ɗaure a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗauka. Jini ba ya isar wannan ƙashi da yawa, don haka idan aka yi ta murza shi da ja, yana iya ƙin haɗewa, mutum ya ƙare da hannun da ba ya iya murɗa totur. Ka ɗaga babban yatsanka ka danna ɗan ramin da ke bayyana a gindinsa, idan ka ji zafi mai tsanani a wurin, asibiti za ka nufa kafin wurin mai ɗori. Ƙujewar ma a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har yashin ya fita, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Wasu tsofaffin mahaya suna ƙin mai ƙarfen, hujjarsu ita ce idan babur ya cilla mutum ta gaba, hannu yana iya zurmawa tsakanin sandar da mariƙi, wuyan hannu ya karye. Maganar ba ƙarya ba ce, masu tseren daji a ƙasashen waje ma suna muhawara a kanta, shi ya sa da yawa daga cikin masu tsalle-tsalle da babur suka fi son wadda gefenta yake a buɗe. Amma mu da muke zuwa aiki da kasuwa, faɗuwarmu ta gefe ce, kuma ana rage wancan haɗarin idan aka ɗaura sandar a miƙe daidai da liba ko ƙasa kaɗan, ba a ɗage ta sama ba.

Wurin ɗaurawa ka tsaya a kan makaniken, kada ka bar masa babur ka tafi. Kaurin hannun ƙananan babura irin su Boxer da Jincheng milimita 22 ne, manyan baburan daji kuma wasunsu 28 ne a tsakiya, saboda haka ka tabbatar maɗaurin da ke cikin kwalin na 22 ne, domin cusa guntun tsohon tib don cike gibi ba ya riƙewa ranar da ake buƙata. Za a yanke ƙarshen robar mariƙi a buɗe ramin bututun, a zura kusar da take buɗewa a ciki idan an ɗaure ta. A gefen hagu babu wata wahala. Gefen dama kuwa shi ne wurin lura, saboda mariƙin totur juyawa yake yi, kuma idan sandar ta matse shi ko da kaɗan ne, zai iya maƙalewa a buɗe, wanda ya fi karyewar liba muni nesa ba kusa ba. A bar ɗan sarari tsakaninsu. Kafin ka biya kuɗin aiki, ka murɗa totur ka saki, ya kamata ka ji ya koma da kansa da ƙarar ƙas, ka maimaita hakan bayan ka juya kan babur har ƙarshe ta hagu, sannan ta dama. Ka duba cewa bakin liba ba ya gogar sandar, wayar kuloci da ta birki ba su danne ba, garkuwar kuma ba ta dukan tanki ko murfin fitila. Bayan 'yan kwanaki a sake bin kusoshin, domin gargadar hanyoyinmu tana kwance su.

Na san za a ce maka masu ƙira a Fanteka za su haɗa maka irinta da arha, kuma lallai akwai masu hannu a can. Idan za ka bi ta wannan hanya, ka nemi faffaɗan ƙarfe da aka goge gefensa ya yi sumul, wanda za a ɗaure da kusa, kada ka yarda a yi waldar rodi a jikin hannun babur, domin walda tana raunana bututun, bakin rodi kuma yana iya zama abin da zai huda cinya. Masu babur irin roba-roba kuwa, kan baburansu a rufe yake da roba, mafi yawan garkuwoyin nan ba sa zama a kai sai an yi yanke-yanke, kuma ban ga wanda ya yi hakan ya ji daɗin sakamakon ba.

Idan ka ɗaura, ka sani cewa babur ɗinka ya ƙara faɗi kaɗan ta kowane gefe, don haka ratar da ka saba bi tsakanin motoci biyu a shataletale sai ka sake auna ta da ido a makon farko. Duk ranar da ya sake kwanciya, kafin ka tayar da inji ka matsa birki da kuloci ka gani, domin sandar tana iya juyawa ta tokare liba, sai an sassauta kusa an mayar da ita mazauninta. Saboda haka nake ajiye makullin kusoshin garkuwar da libar kuloci guda a cikin akwatin gefe, kai ma ka nemi naka tun ranar da za a ɗaura maka.