Tambayi Likita: Yaro Ya Warke Daga Ciwon Huhu, Amma Haki Bai Tafi Ba

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Likita, ɗana mai shekara 8 ya yi ta busasshen tari da zazzaɓi. Na sayo masa amoksisilin a kemis, bai ji sauƙi ba. A asibiti aka ce maikoplasma ce. Mece ce ita?

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ƙwayar bakteriya ce mai yaɗuwa ta tari da atishawa, ta fi kama yara 'yan makaranta. Takan yi mako 1 zuwa 4 a jiki kafin ta bayyana, kuma sau da yawa yaro yana yawonsa alhali huhunsa ya kamu. Amoksisilin bangon jikin ƙwayar cuta yake fasawa, ita kuwa wannan ba ta da bango. Shi ya sa ake ba da irin su azitromaisin, amma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba.

Wani uba daga Daura: 'Yata mai shekara 10 ta warke daga maikoplasma wata 2 ke nan, hoton ƙirji ma ya yi kyau. Amma da ta yi ɗan gudu sai haki da tari. In damu?

Malam, na ji daɗi da ka lura, don iyaye da yawa da zazzaɓi ya sauka sai su ɗauka an gama. Wannan ƙwaya tana manne wa rufin hanyoyin iska, ta lalata 'yan gashin da ke share majina, ƙananan hanyoyin su kumbura su matse. Hoton ƙirji ba ya nuna yadda iska ke fita. Abin da ke nunawa shi ne gwajin busa, wato sifirometiri: yarinya ta cika ƙirjinta, ta busa da iya ƙarfinta, na'ura ta auna yawan iskar da saurin fitarta. Yaro ɗan shekara 6 ma yakan iya. Ka tambayi likitan yara, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya nuna muku inda ake yi.

Yawancin yara suna murmurewa sarai a hankali. Wasu ciwon kan tayar musu da asma, sai a ba su maganin shaƙa, kuma don Allah kar a ji tsoronsa. Kaɗan ne ƙananan hanyoyin ke yin tabo na dindindin, su ne nake tsoron a makara a kansu. A nisanta ta da hayaƙin itace, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa, ta rufe hanci idan ƙurar hunturu ta taso. Tarin da ya wuce mako 2, balle da rama, a yi gwajin tarin TB.

Wata kaka daga Sabuwar Unguwa: Jikana mai sikila ya kammala rigakafinsa. Ya tsira?

A'a, Baba. Allurar ciwon huhu ta mako 6, 10 da 14 daga wata ƙwayar daban take karewa. Maikoplasma ba ta da rigakafi tukuna. Ga mai sikila takan jawo mummunan ciwon ƙirji. Idan kika ga zazzaɓi, numfashi da sauri ko awazu na faɗawa, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.