Faci Ko Sabuwar Taya? Amsoshin Tambayoyin Masu Mota a Kumasi

Tambayoyin da suka taru a wannan karo sun fi karkata ga sha'anin taya, kuma kusan dukansu abu ɗaya suke nema, wato a fayyace musu lokacin da faci ya wadatar da lokacin da ya zama wajibi a nemi wata tayar. An taƙaita tambayoyin, amma ba a rage komai daga abin da masu su suke nufi ba.

Tambaya: Ni direban tasi ne, ina zaune a Aboabo, ina jigila tsakanin Kejetia da Tafo. Ƙusa ta shiga tayata ta baya a daidai tsakiyar inda take taka ƙasa. Mai faci ya zare ƙusar, ya cusa igiyar roba mai danƙo a cikin ramin ba tare da ya cire tayar daga wili ba, ya buga iska, kuma har yanzu ba ta sace ba. Mai motar ya ce hakan ya isa, wani abokin aikina kuma ya ce in matsa masa ya sayi sabuwa. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam direba, kowannensu ya riƙe rabin maganar ne. Hudar da ta samu taya a tsakiyar fuskarta, inda zane yake, tana gyaruwa, muddin faɗin ramin bai wuce milimita 6 ba, kuma ƙusoshin da ake takawa a kan titi galibi ba su kai haka kauri ba. Saboda haka babu dalilin da zai sa a jefar da taya mai sauran ƙarfi don kawai ƙusa ta huda ta, kuma a nan mai motarka yana da hujja. Inda abokin aikinka yake da tasa hujjar shi ne irin gyaran da aka yi maka. Igiyar da ake cusawa daga waje gyara ne na fita kunya, wanda aka tanada domin mutum ya bar bakin hanya ya isa inda za a yi masa aiki na sosai, ba domin a bar ta a ciki har ƙarshen rayuwar tayar ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina tayar da ba ta da tub. A ƙarƙashin robar da ido yake gani akwai shimfiɗar wayoyin ƙarfe da ke riƙe da siffarta, a can ciki kuma akwai wata siririyar roba wadda ita ce ke hana iska fita. Igiya tana cike ramin, amma ba ta liƙe waccan siririyar robar ta ciki ba, don haka iska na iya kutsawa tsakanin shimfiɗun tayar, idan kuma igiyar ta yi sako-sako ruwa ya sami hanyar kai wa wayoyin, su fara tsatsa a wurin da babu mai gani. Gyaran da masu ƙera tayoyi suka amince da shi shi ne a cire tayar daga wili, a duba cikinta, a share ramin, sannan a sa faci mai ƙafa, wanda ƙafarsa ke cike ramin, faffaɗan kansa kuma ya manne daga ciki.

Cire tayar shi ne abin da na fi ba muhimmanci, fiye da facin kansa, domin da shi ne kaɗai za a san ko tayar ta cancanci gyara. Idan ka yi tafiya a kanta bayan ta sace, ko da daga Kejetia zuwa Alabar ne, nauyin mota yakan matse gefen tayar tsakanin wili da kwalta har ya niƙe ta daga ciki. Alamar haka ita ce baƙin garin roba da za a tarar a cikin tayar, ko wani zobe da ya ƙuje a zagayen gefenta. In an ga ɗaya daga cikin biyun, tayar ta gama aiki, komai ƙanƙantar ramin ƙusar. In cikinta yana sumul, a yi mata facin ciki, a daidaita nauyin wilin a inji, ka ci gaba da neman abincinka. Kuɗin wannan aiki ya ɗara na igiya, amma bai kama ƙafar kuɗin sabuwar taya ba, kuma ina ganin mai motar da ya ƙi biyansa bai yi wa motarsa adalci ba, balle fasinjojin da kake ɗauka.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Asawase. Na faɗa wani rami da dare, da gari ya waye na ga gefen tayar gaba ya yi ƙullutu kamar ƙwai, ga kuma ɗan yanka kusa da shi da iska ke fita a hankali. Mai faci ya ce zai manna mata roba daga ciki ya sa tub, za ta yi mini shekara. Tayar ba ta fi wata takwas ba, zanenta kuma sabo ne, shi ya sa nake jin ciwon yar da ita.

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan tayar ba ta da gyara, kuma ina roƙonki kada ki hau babbar hanya da ita. Gefen taya shi ne wurin da ya fi ko'ina lanƙwasawa, domin duk juyi ɗaya sai ya lotsa ya miƙe, kuma abin da ke ba shi ƙarfi zaruruwa ne da aka saƙa a cikin robar. Ƙullutun da kika gani shaida ne cewa bugun ramin ya tsinka waɗancan zaruruwa, iska ta turo robar waje a inda babu abin da zai tare ta. Faci yana toshe iska ne kawai, ba ya ɗinke zaren da ya tsinke. Tub kuma zai ƙara wata matsalar, saboda cikin tayar da ba a ƙera ta don tub ba yana da kaushi, sai ya riƙa goga shi yana ɗumama shi, ranar da ya fashe kuwa iskar takan fita gaba ɗaya a lokaci guda. A tayar gaba, wannan yana nufin sitiyari ya ƙwace daga hannu.

Ba na zargin mai facin da mugunta. Irin wannan dabara ta daɗe a hannun masu sana'ar, kuma tana iya ɗaukar amalanke ko motar da ke rarrafe a cikin fili, amma ba motar da za ta yi gudu a kan titi ba. Sabuntar zanen da kike gani ba ta canza komai, domin ba a wurin zanen ɓarnar take ba. Ki sa safaya yanzu, idan kuma irin siririyar nan ce ta wucin gadi, kada ki wuce gudun kilomita 80 a sa'a. Tun da tayar ɗaya gefen ba ta tsufa ba, sayen guda ɗaya ya isa, da sharaɗin ta zo daidai da 'yar'uwarta a lambar girma, wato lambobin nan da ke jikinta irin 195/65 R15, kuma zai fi kyau ta zama ƙirar kamfani ɗaya. Ki sa a duba wilin ma, domin bugun da ya tsinka zaren taya yana iya lanƙwasa bakinsa.

Tambaya: Zan kai iyalina Tamale. Tayoyina biyu sun suɗe, ɗaya tana da faci uku. A Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, na ga tayoyin gwanjo da aka shigo da su daga waje a kan kusan rabin kuɗin sabbi, zanensu kuma da saura. In sayi na gwanjo huɗu, ko sabbi biyu?

Amsa: Alhaji, in don ta ni ne, sabbi biyu. Bari mu fara da lissafi, tun da shi ne ya ja hankalinka. Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da zurfin zane na kimanin milimita 8, kuma iyakar da aka yarda a yi amfani da taya ita ce milimita 1.6. A Ghana ƙa'idojin amfani da hanya na shekarar 2012, waɗanda aka sani da L.I. 2180, sun yi tanadi a kan ingancin taya, kuma tana cikin abubuwan da ake dubawa kafin DVLA, hukumar ba da lasisin direbobi da motoci, ta ba mota takardar lafiya. Ke nan abin da mai sayen sabuwa yake ci ya kai milimita 6 da ɗoriya. Tayar gwanjo mai zurfin milimita 4 kuwa saura 2.4 kacal ya rage mata, wato kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na rayuwar sabuwa. Wanda ya biya rabin kuɗi a kan kashi ɗaya cikin uku bai sami rangwame ba. Ga shi kuma riƙon taya a kan jiƙaƙƙen titi yana raguwa sosai idan zane ya gaza milimita 3, mu kuwa a Kumasi damina biyu muke yi a shekara.

Abu na biyu shi ne shekaru. Roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta haka. A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da ya fara da haruffan DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani duk shekara da zarar ta cika shekara 5, a kuma canza ta idan ta kai 10 komai kyan zanenta. Akwai kuma matakin jure zafi da ake rubutawa a jikin yawancin tayoyi, A ko B ko C, inda A ya fi ƙarfi, C kuma ya zama na ƙarshe. Hanyar Tamale doguwa ce, in aka wuce Techiman da Kintampo rana sai ƙara zafi take yi, ga mota cike da mutane da kaya, kuma a irin wannan tafiya ce tsohuwar taya take bayyana aibinta.

Ba na cewa duk tayar gwanjo banza ce, kuma na san aljihu ba ɗaya ba ne. Wanda ba shi da halin sabuwa ya karanta shekarar, ya sa hannu ya shafa cikinta yana neman tsohon faci, ya matsa gefenta ya ga ko akwai ƙananan tsagu. Sai dai duk binciken da zai yi ba zai gaya masa ko an taɓa tafiya a kanta babu iska ba. Game da taka mai faci uku, da ma ba ta suɗe ba, da sai in ce a duba ko facin sun yi nesa da juna, domin faci a kan faci ba ya riƙo, amma suɗaɗɗiyar taya ba a ɓata kuɗi wajen gyaranta. Idan ka sayi sabbin, ka sa su a baya, ka mayar da masu sauran ƙarfi gaba. Na san direbobi da yawa sun saba da akasin haka, amma idan baya ya zame a kan kwana motar takan juya gaba ɗaya, kuma gyara wannan ya fi ƙarfin yawancin direbobi, alhali zamewar gaba takan lafa in an sassauta gudu. Kada ka manta da buga wa safaya iska kafin ku tashi.

Tambaya: Tayata tana sacewa duk bayan kwana uku, an duba ba a ga ƙusa ba. In canza ta?

Amsa: Ɗan'uwa, tukuna. A zuba ruwan sabulu a kan bawul da kuma zagayen inda taya ta haɗu da wili, ko a nutsa wilin gaba ɗaya a cikin ruwa, inda kumfa ya taso nan iskar take fita. Sau da yawa laifin na bawul ne da ya tsufa, wanda kuɗinsa kaɗan ne, ko na bakin wili da ya lotsa ko ya yi tsatsa, kuma idan haka ne sabuwar taya ma sacewa za ta yi. Bayan gyaran, a buga iska daidai da adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a kuma auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, domin taya mai zafi tana nuna iska fiye da yadda take.