Helen, 'yar gudun hijirar da ta zama gwanar rawa

Malam, ka tambaya ko wace ce matar nan mai kama da Baturiya da ke rawa a tsofaffin finafinan Indiya, kuma ko gaskiya ne cewa ba 'yar ƙasar ba ce. Na shafe shekaru masu yawa ina kallon waɗannan finafinai, tun zamanin da muke zama a kan benci a silima marar rufi a Kano, saboda haka ga abin da na sani.

Sunanta Helen, kuma an haife ta a birnin Rangun na ƙasar Bama a 1938. Mahaifinta ruwa biyu ne, jinin Ingila da Indiya, mahaifiyarta kuwa 'yar Bama ce. Mahaifin ya rasu a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan da sojojin Japan suka mamaye ƙasar, iyalin suka bi ayarin masu gudun hijira a ƙafa, cikin yunwa da ciwo, har suka kai yankin Asam na Indiya, daga baya suka wuce Kalkata. Mahaifiyarta ta yi aikin jinya, amma albashin bai isa ciyar da gida ba, dole Helen ta bar makaranta.

Wata fitacciyar 'yar rawa mai suna Cuckoo, wadda ta san iyalin, ita ce ta shigar da ita harkar fim a Bombai wajen 1951, inda ta fara a cikin 'yan rawan da ke bayan tauraruwa. Shekara bakwai ta yi kafin tauraronta ya haska a fim ɗin Howrah Bridge na 1958, tana da shekara 19.

A ganina waɗannan shekaru bakwai su ne sirrin gwanintarta. Idan ka sake kallonta, ka bar fuskar ka dubi ƙafafun: duk yadda kiɗa ya yi sauri, ba ta saɓa masa, kuma takan tsaya cak daidai inda ganga ta tsaya. Mu a lokacin fito da tafi kawai muka sani, sai da na girma na lura da wannan.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda masu shirya finafinai suka riƙa ba ta matsayin 'yar gidan rawa ko abokiyar mugu, saboda kamanninta, alhali ta iya wasan kwaikwayo sosai. Sai a 1980 ta karɓi kyautar Filmfare ta mataimakiyar jaruma, gwamnatin Indiya kuma ta ba ta lambar Padma Shri a 2009.