Filamboyan yana jure fari, amma sai ya kafu tukuna

Ɗan'uwa, ka tambaya ko filamboyan zai yi maka a filin gaban gida tunda ruwa yana yi muku wuya, da kuma ko gaskiya ne ba ya buƙatar ban-ruwa. Zai yi ƙwarai, na daɗe ina renon irinsa. Sai dai masu cewa ba ruwansa da ruwa, babbar bishiya suke nufi. Dashe kuwa jariri ne, sai an kula da shi.

Asalinsa daga busassun dazuzzukan Madagaska ne, masana suna kiransa Delonix regia. Idan rani ya tsananta sai ya zubar da ganye, har ka ɗauka ya mutu. Don Allah kada ka sa masa gatari. Gab da faɗuwar damina zai rufe kansa da jan fure, ko wanne da kunnuwa biyar, ɗaya a cikinsu mai ratsin fari da rawaya.

Ka dasa shi a farkon damina, inda rana ke bugawa sosai kuma ruwa ba ya kwanciya. Rani biyu na farko su ne aikin. Ka yi masa ƙaramin kwari kewaye da gindi, ka cika shi taf sau ɗaya ko biyu a mako, ruwan ya nutse can ƙasa. Yayyafin kullum shi ke cutar da shi, domin saiwa takan tsaya a sama tana jiran abin da aka saba mata, ranar da aka fasa kuwa sai ya yi yaushi. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima, amma kada ta taɓa jikinsa, saboda gara. Bayan ya kafu ka janye hannu. Wanda ake ta ɗura wa ruwa da taki a rani ganye yake tarawa, furen kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne wuri. Yakan kai mita 10 zuwa 12, kansa kuma ya fi tsawonsa faɗi. Saiwarsa tana bin saman ƙasa, na ga inda ta ɗaga daɓen siminti ta tsaga katanga. Ni dai ba na dasa shi ƙasa da mita 6 daga gini. Ciyawar ado ma ba ta yin kirki a inuwarsa, ga sharar kwanson 'ya'yansa, da kan kai santimita 60.

Idan iri za ka shuka, ɓawonsa na da tauri: ka ɗan kankare gefe, ka jiƙa shi kwana guda. Fure sai ka yi haƙurin shekara 5 ko fiye. In filin naka ƙarami ne, ka nemi Plumeria maimakonsa, wato wata ƙaramar bishiyar ado mai fure mai ƙamshi. Shi Plumeria reshensa ake yanka, a bar bakin ya bushe kamar mako guda sannan a kafa shi, amma ka kiyaye farin ruwan jikinsa, yana sa ƙaiƙayi a fata da ido.