Tambaya da Amsa: Na ga laya a wuyan ɗanta, in kai ta gaban dattawa?

Tambaya: Mama sannu da aiki. Ni shekarata 22 a zumuntar mata, ni ce ma nake jan nazarin Littafi Mai Tsarki ran Talata. Akwai wata yarinya da aka yi mata baftisma bara, ɗanta ya yi ta ciwo, sai ran Lahadi na hango laya a wuyan yaron a ƙarƙashin riga. Mata sun fara ƙus-ƙus, wasu na cewa a kai ta gaban dattawa a sa ta a horo. Ni ma raina ya ɓaci gaskiya. Ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: Toh 'yar'uwa, kafin mu zo kan laya bari in tambaye ki, lokacin da yaron nan yake kwance wa ya je duba shi a cikinku? Wa ya tambaye ta ko tana da kuɗin kati da na magani? Don sau da yawa ba uwar ce ma ke ɗaurawa ba, uwar miji ce ko kaka ta zo cikin dare yaro na ta zazzaɓi, ita kuma yarinya ga tsoro ga kunyar suruka ga babu ko sisi a hannu, sai ta yi shiru.

Ban ce laya daidai ba ce fa, kar a je a ce Mama ta halatta. Amma shekara 22 ɗin nan da kika ambata, Romawa 15:1 ta ce aikin masu ƙarfi irinki ɗaukar nauyin raunana ne, Galatiyawa 6:1 kuma ta ce a komo da wanda ya yi tuntuɓe cikin tawali'u, kina lura da kanki ke ma. Ki duba Biriskila da mijinta Akila a Ayyukan Manzanni 18. Sun ji Afolos yana wa'azi a Afisa, mutum mai baki sosai amma baftismar Yahaya kawai ya sani, ba su tsinka shi a majami'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara masa haske. Horo yana da wurinsa, amma Matiyu 18 ta ce a fara daga ke sai ita tukuna.

Don haka ki je gidanta ke kaɗai, ban da rakiyar kwamiti. Ki riƙe ɗan sabulu ko garin kunu, ki fara da jikin yaron, ki bari ta yi magana har ta gama. Kar ki fizge layar, ku yi addu'a ku karanta Kalmar tare har ta cire da hannunta, in ba haka ba kina fita za a ɗaura wata. In yaron bai warke ba ki raka ta asibiti da kanki.

Su kuma masu ƙus-ƙus, ran Talata ki ce akwai mara lafiya a cikinmu, kowacce ta kawo abin da ya sawwaƙa, ba sai kin faɗi sauran ba.