Sawun babur a kan tafki bai isa shaidar kaurin ƙanƙara ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Saguenay, lardin Kebek na Kanada, wannan ne hunturuna na biyu da Ski-Doo, wato babur ɗin da ake hawa a kan dusar ƙanƙara. Abokaina na son mu yanke ta kan daskararren tafki da daddare. Sun ce muddin akwai sawun wani babur a gaba, ƙanƙarar ta yi ƙwari, in ma ba ta yi kauri ba, a ba shi wuta a wuce. Hankalina ya ƙi kwanciya, ga ni da iyali.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bi su.

Maganar sawun nan ta ishe ni, kullum sai na ji ta a bakin masu hawa, har da tsofaffin hannu. Sawu bai gaya maka yaushe aka bi wurin ba, bai gaya maka nauyin wanda ya bi ba, kuma mai yiwuwa wucewarsa ce ta tsattsage ƙanƙarar ya bar maka ragowa. Kungiyar Red Cross ta Kanada ta ce babur na bukatar kaurin santimita 25, ita ma garai-garai mai shuɗi-shuɗi. Farar ƙanƙara da dusa ta gauraya da ita rabin ƙarfin waccan gare ta. Mai launin toka-toka kuwa, akwai ruwa a cikinta. Ta yaya za ka bambance launukan nan da fitilar babur, alhali dusa ta lulluɓe komai? Dusar ma kamar bargo take, tana hana sanyi ratsawa, sai ƙanƙarar ƙarƙashi ta ƙi kauri. Inda kogi ke shiga ko fita, ruwa mai gudu na cin ta daga ƙasa.

A gefenku irin wannan hatsarin ya faru. A Janairun 2020, ayarin 'yan yawon buɗe ido daga Faransa ya bar hanyar da aka yi wa alama a tafkin Saint-Jean da dare, kusa da bakin Grande Décharge inda ruwa ke fita. Ƙanƙarar ta burma, mutum shida suka rasu, har da jagoransu.

Batun gudu kuwa, masu wasan tsallaka ruwa da kuke gani a bidiyo injinansu gyararru ne, ga masu ceto a tsaye. Kai gudu zai sa ka iske rami a ƙanƙarar kafin fitila ta nuna maka shi.

Kebek na da hanyoyin babur kusan kilomita 33,000. Ka bi mashigar da kulob ɗin masu babur ya auna ya kafa wa sanduna, ka sa rigar da ke hana nitsewa, ka rataya ƙusoshin kamun ƙanƙara a wuya, kada ka cusa su a jaka. In ƙaddara ta afka ka faɗa ruwa, Allah ya kiyaye, minti na farko na daidaita numfashi ne, sannan kana da kamar minti 10 kafin hannuwa su mutu. Juya ta inda ka fito, buga ƙafa, ja ciki, ka mirgina nesa da ramin kafin ka miƙe.